Jan Farcen Da Ba Ja Ba

Duk abin da aka zuba a 'yar kwalba mai buroshi a murfi domin a shafa a farce, sunansa a bakin Bahaushe jan farce, ko da kuwa kore ne shar ko baƙi ƙirin. Da launin da muka fara ganinsa muka raɗa masa suna, kamar dai yadda kowane garin sabulu ya zama omo. To amma a 'yan shekarun nan wani iri ya shigo kasuwanninmu wanda ba ja ba ne, kuma ba ya son a gan shi. Masu yin sa suna kiransa launin fata, wai idan mace ta shafa sai farcen ya yi sheƙi kurum ya saje da yatsa. Na gwada shi, na kuma ga abin da ya dace 'yan'uwa masu riƙe alƙalami su ji.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai malamar makaranta da ta haura arba'in ga jan farce? Amsar a fili take ga mata, maza ne sai an yi musu bayani. Jan farce fenti ne, ɗan'uwan fentin mota, domin daga sinadarin da ake fesa wa motoci a shekarun 1920 aka samo dabararsa, kafin kamfanin Revlon na Amurka, wanda aka kafa a 1932, ya baza shi duniya. Idan ya bushe ɓawo yake zama, ruwa ba ya kaiwa ga farce, alwala kuwa ba ta yiwuwa a haka. Saboda haka mace Musulma ba ta shafa shi sai a kwanakin da take hutun salla. A nan gizo yake saƙar. Ranar da kika tsaya gaban allo da yatsu jawur, kin yi wa aji guda shelar abin da ko mijinki sai da kunya kike faɗa masa, kuma yaran sakandare ba su da ta ido. Wannan sabon launi alkawarin sutura ya yi mini, shi ya sa na kula shi.

Kwalabe huɗu na saya a teburin wani mai kayan kwalliya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kasuwar da aka fi sani da shanu da raƙuman da ake korowa daga Nijar, amma ba abin da ba a kasawa a cikinta. Sunayen da aka rubuta a gindin kwalaben na furanni ne da kayan zaƙin Turawa, ba su gaya mini komai ba, don haka na sa musu nawa. Na fara shafa kowanne a yatsa ɗaya na duba a inuwa da rana, sannan wata bayan wata na ba kowanne kwanakinsa.

Na farko ruwan hoda ne mai haske, kusan fari, kuma shi mai teburin ya rantse mini an fi saye. Irin wannan launi ne Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta riƙa shafawa tun daga 1989, na kamfanin Essie, mai suna Ballet Slippers, kuma a hannunta ba shakka ɓacewa yake yi. Ni kuwa baƙa ce, ba wankan tarwaɗa ba. A hannuna sai ya fito fat, kamar na gama rubutu ban kakkaɓe alli ba, ko kamar farcen mai ƙarancin jini da ake dubawa a asibiti. Ga shi sai an yi masa shafi uku kafin layin buroshi ya ɓace. Nan na zauna ina tambayar kwalbar, launin fata, to fatar wa? Ashe tambayar tsohuwa ce. Tun a 1962 kamfanin Crayola mai yi wa yara alli mai launi ya canza sunan wanda yake kira launin fatar mutum, domin an gane ba duk 'yan Adam ne ke da wannan fata ba. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma har yau ana aiko mana da fatar wasu a kwalba, mu kuma muna saye.

Na biyu kamar shayin da madara ta yi wa yawa, ko rairayin hanyar Gagarawa da rani. A cikin ɗaki yana da kyau ƙwarai. Da na fita rana sai ya koma toka-toka, kuma na gwada shi ne da hunturu, lokacin da hannu yake furu-furu ko an shafa man kaɗanya, sai ya ƙara wa yatsun tsufa. Wannan na fararen mata ne, su ma da damina. Na uku ruwan hanta ne, kuma ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, jan farce ne sak ya yi lulluɓi.

Na huɗu shi ne ya ci sunansa. Ruwan ƙasa ne mai ɗan ja-ja, kamar sabuwar randa ko bangon da aka yi wa makuba. Shafi biyu ya wadatar. Na yi kwana huɗu da shi a makaranta, na karɓi littattafan yara, na ci abinci kwano ɗaya da abokan aiki a ɗakin malamai, ba wadda ta ɗaga gira. A kwana na uku wanki da wanke-wanke sun ɓantare bakinsa, amma da yake launin bai yi nisa da na yatsa ba, sai an ƙura ido ake gani. Shawara ɗaya ga mai saye: ki juya kwalbar ki ga ko ruwan yana gudu, domin zafin ƙasar Gumel yana mayar da wanda ya daɗe a rana kamar ƙaro. Akwai kuma wanda kamfanin Inglot na Poland ya yi, aka yi ta maganarsa a 2013, wai iska da laima suna ratsa shi. Malamai da yawa ba su gamsu ba, ni ma ban ɗora alwalata a kan tallar ɗan kasuwa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan na huɗun na san launinsa tun ina yarinya. Launin farcen kakata ne a Sule Tankarkar, wata biyu bayan ƙunshin Salla. Ita ganyen lalle take dakawa ta kwaɓa, ta cusa hannu a zunguru ta kwana da shi. Lalle rini ne, ba fenti ba. Sinadarin da ke cikin ganyen shiga yake yi cikin farcen ya kama shi, ba ya barin ɓawo a sama, shi ya sa ake salla da shi ba gardama, shi ya sa kuma ba ya tona asirin kowa. Ranar farko ruwan goro yake fitowa, ya yi ta nuna har ya yi duhu, daga baya ya lafa ya koma wannan ruwan ƙasa mai kunya. Ba dayis nake nufi ba, baƙin nan na kanti da yake sa wa wasu ƙuraje da ƙuna.

A nan nake da ƙorafi a kanmu marubuta. Buɗe littattafan soyayyarmu goma, a tara za ka tarar yarinyar fara ce sol, mai yatsu zara-zara, shi ke nan an gama da hannu. Alhali muna da ruwan goro, ruwan zuma, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan makuba, duk suna zaune ba a aike su ba. Kuma hannun mace labari yake bayarwa ga wanda ya iya dubawa. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, lallen da ya kama shi kuwa ba ya gogewa, sai dai ya yi ta hawa sama, farin sabon farce yana biyo shi daga gindi kamar jinjirin wata. Daga faɗin wannan farin kana iya ƙiyasta yaushe amarya ta tare, ko yaushe aka yi suna a gidan.

Wata maƙwabciyata a Gumel ta yi ƙunshi domin bikin ƙanwarta, kwana shida bayan haka mijinta ya rasu. Mai takaba ba ta ado wata huɗu da kwana goma, amma lallen da ya riga ya shiga farce ba mai iya fitar da shi. Duk sanda na shiga gaishe ta sai in ga jan ya ƙara matsawa sama, farin ya ƙara faɗi. Ana saura mako guda ta fita, na same ta a kan tabarma da reza, tana yanke ɗan siririn jan da ya rage a bakin babban yatsa.