Dutsen da aka kewaye da waya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da yawa cikinmu sun san hanyar Agadas, Arlit, Asamaka har Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. Ni ma na bi ta, na je gaida wana. Abin da na gani can shi zan ba ku labari.

Wata rana muka hita Tamanrasat cikin babbar mota, muka yi arewa. Bayan tahiyar kilomita wajen 150 muka iso In Ekar. Sai ga wani babban dutse, an kewaye shi da waya. Direba ya ce mani: «Malam, nan ba a tsayawa shan shayi.» Na duba da kyau. Rairayi ne da duwatsu, kamar ko'ina cikin hamada.

Sunan dutsen Tawrirt Tan Afalla. Sojan Faransa sun haƙa ramu cikinsa don gwajin bom na nukiliya. Daga 1961 zuwa 1966 sun tada bom 13. Ran 1 ga watan Mayu 1962, toshiyar rami ɗaya ba ta riƙe ba. Ƙura mai guba ta hito, narkakken dutse ya malalo waje. A 1967 sojan suka tashi, suka bar ƙarahuna da wayoyi. Mutane suka riƙa tsinta suna saidawa, ba su san da guba ba.

A 1999 hukumar duniya mai kula da nukiliya ta aiko masana. Sun zagaya da na'urar awon guba. Sun ɗibi ƙasa da gutsattsarin dutse, suka kai ɗakin bincike. Sakamako ya hito a 2005. Wurare da yawa gubar kaɗan ce. Amma inda narkakken dutsen nan ya daskare, tana nan da ƙarhi. Wata irin gubar sai ta yi shekara 30 kahin ta ragu da rabi. Shi ya sa ake hana mutane da dabbobi kusantar wurin.

Kan hanyar komowa na yi ta tunanin gida. Mu ba a gwada irin wannan bom ƙasarmu ba. Amma duk inda soja suka daɗe suna koyon harbi, suna barin abu biyu. Na ɗaya, harsashi da gurnat waɗanda ba su tashi ba. Na biyu, darma ta cikin harsashi. Darma ba ta ruɓewa. Tana garwaya da ƙasa, ta bi ƙura ta shiga cikin yaro ko saniya. Darma ce ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, can wurin aikin zinariya.

To, in akwai tsohon hilin harbi kusa da garinku, kada ku yi gaugawar shuka ko kiwo cikinsa. Ku hana yara tsintar ƙarhe. In kun ga abin da ba ku sani ba, kada ku taɓa, ku shaida wa mai gari. Ku roƙi hukuma ta aiko a ɗebi ƙasar da ruwan rijiya a auna. Ido ba ya ganin wannan guba, hanci ba ya jin ta. Awo kaɗai ke nuna ta.

Allah ya ba mu lahiya da damana mai albarka.