Daga Chikaji Zuwa Funtuwa A Kan Keke

Chikaji unguwa ce a Sabon Garin Zariya. Daga nan mukan hau kekunanmu mu kama hanyar Sakkwato, ba domin ciniki ba, sai domin shan iska da ganin ƙasa. Funtuwa ta fi kilomita 70 daga Zariya. Mai tafiyar kilomita 15 a awa ɗaya zai yi wajen awa 5. A cikin awa 5 kuwa sararin sama yana iya sāke fuska.

Da farko mukan wuce makarantar koyon tuƙin jirgin sama wadda aka kafa a 1964. Sa'an nan sai Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Bayan Shika gidaje sukan ragu, gonakin masara da dawa su buɗe har Giwa. Hanyar ɗaya ce, amma kowane lokaci na shekara da irin halinta.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana busowa daga arewa maso gabas, tana dukan mai keke a kafaɗar dama. Leɓe yakan tsage, yatsu su ƙage a kan birki. Abin tsoro shi ne hazo, gama direban babbar mota ba ya hango keke sai ya matso. Domin haka mukan sa riga mai haske, mu jira gari ya waye sosai.

Da bazara, Maris da Afrilu, rana ce abokiyar gāba. Mukan tashi da sassafe da gorar ruwa biyu, mu sha tun ƙishirwa ba ta kama mu ba. In rana ta take, sai mu nemi inuwar mangwaro.

Damina ce ta fi kyaun gani, ita ce kuma ta fi yaudara. Hadarin ƙasarmu daga gabas yakan taso, mu kuwa arewa maso yamma muka nufa. Ashe yana iya haɗuwa a bayanmu, gabanmu kuwa sarari garau. Saboda haka mukan riƙa waiwaye. In iska mai sanyi ta taso da ƙura, ruwa ya kusa. In kun ga walƙiya, ku fara ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin ƙarar tsawa kilomita ɗaya ke nan. Ku sauka, ku shiga gida ko shago. Kada ku fake a gindin itace, gama aradu takan faɗa wa abin da ya fi tsawo. Bayan ruwa ma a yi hankali, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa nan da nan, ruwa kuma yakan rufe ramukan hanya.

Ba ma barin gida sai da famfo, da kayan faci, da rigar ruwa. Mukan kuma tambayi lafiyar hanya, gama a 2022 'yan bindiga sun kai hari wasu ƙauyukan Giwa. Ba ma yarda dare ya same mu a daji.

Iyaye, in samarinku suna son wannan tafiya, kada su tafi ɗai-ɗai. Ku koya musu cewa wanda ya ga hadari ya juya daga Giwa bai yi abin kunya ba. Funtuwa tana nan, gobe ma rana ce.