Seiko 5 na Alhaji

Mahaifinmu ya sauke farali a ƙarshen 1975, shekarar da gobara ta tashi a tantunan Mina. Labarin ya riga alhazai isowa Garo ta rediyo, gidanmu kuwa ba a yi barcin kirki ba har ranar da mota ta sauke shi. Tsarabar da ya rabar ta dabino da zamzam da tasbaha duk ta wuce. Abin da ya zauna a idon mutane shi ne agogon da ke hannunsa na hagu: Seiko 5, farar fuska, sarƙar ƙarfe, da 'yar taga da ke nuna rana da Larabci.

A lokacin masu agogon hannu a unguwarmu ba su da yawa. Da azumi maƙwabta kan turo yaro ya tambayi Alhaji ko da sauran lokacin sahur. Shi kuma kowace safiya yana daidaita shi da rediyon Kaduna. Ba a yi masa wani, ba ya cin batir, motsin hannu ne ke tafiyar da shi. In ya kwana biyu a ajiye ya tsaya, sai Alhaji ya kaɗa shi a tafin hannu ya tashi. Mu yara abin yana ba mu mamaki ƙwarai.

Amalanke ce ta taka agogon wata damina a hanyar gona. Gilashi ya tarwatse, gidan ya lanƙwashe, ruwa ya shiga. Alhaji ya zuba gutsattsarin a gwangwanin madara ya ajiye, ya sayi Casio na roba ya ci gaba da harkarsa. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, Inna ta miƙo mini gwangwanin. Tsatsa ta cinye inji da fuska. Murfin baya da sarƙa kaɗai suka tsira.

Na san ba zan dawo da agogon ba. Irinsa nake so in haɗa, wanda in yayyena suka gani za su shaida shi. Da na shiga Kano, mai gyaran farko da na nuna wa ya ce abu mai sauƙi ne: a samo tsohon gida, a sa injin batir, gobe in zo in karɓa. Ban amince ba. Aka kwatanta mini wani dattijo a kasuwar Sabon Gari, mai ɗan teburi da akwatin gilashi, wanda tun yana saurayi wannan ce sana'arsa.

Bai fara tambayata kuɗi ba. Ya maƙala madubinsa a ido, ya goge murfin da gefen riga, ya daɗe yana dubawa.

"Mahaifinka wace shekara ya je Makka?"

Na ce, "1975, Baba."

"To, murfin ma haka ya ce."

Ya nuna mini da bakin hantsaki. Lamba shida ce a jere. Ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera agogon, ta biyu wata. Namu ya fara da 5 da 8, wato Agustan 1975, 'yan watanni kafin aikin hajjin. Can gefe kuma an rubuta 6119 da wasu lambobi huɗu: na farkon sunan inji ne, na bayan fasalin gida. Ya ce lambar shekarar ita kaɗai ba ta raba 1975 da 1985, injin ne ke raba gardama, domin kafin 1985 an daɗe da daina yin 6119.

Daga nan aiki ya koma nema. Injunan Seiko 5 sun cika akwatinsa, amma yawancinsu 7009 ne da 7S26, wanda bai fito ba sai 1996. Na tambaye shi ko ba za a sa ɗaya daga ciki ba, tunda duk kamfani ɗaya ne kuma sabon ya fi lafiya. Ya ce, "Ɗana, zai yi tafiya, amma sai na yanke ƙafafun fuska na liƙa ta da gam. Kuma mahaifinka in zai canza kwanan wata, jan kan agogon yake yi ko dannawa?" Nan take na tuna babban yatsan Alhaji yana danna ɗan kan nan da ke ɓoye wajen ƙarfe huɗu. A 6119 danna shi ake yi kwanan wata ya juya, a ƙara dannawa da ƙarfi rana ta juya. A 7S26 kuwa jawo shi ake yi a murɗa. Ban sake kawo maganar ba.

Ya ce da kafin gobarar da ta ci kasuwar a watan Maris na 2016 na zo, da a rana ɗaya an gama, don tsofaffin kaya da yawa sun tafi a wutar. Sai da ya aika wa abokan sana'arsa, aka samo matattun agogo biyu masu injin 6119. Ya warware su a kan farin ƙyalle, ya wanke, ya zaɓi mai lafiya daga kowanne, ya haɗa guda. Na ga jajayen duwatsun nan da ake rubuta 21 a fuskar agogo saboda su, ƙanana ƙwarai, kowanne yana ɗiga masa mai da bakin allura.

Fuska ce ta fi ba mu wahala, kuma a nan na fi ganin darajar mutumin. Akwai fuskoki sababbi fil a kasuwa, masu sheƙi, ja da kore da shuɗi, da tambarin 5 a tsakiya. Ya ce yawancinsu fenti aka sake yi musu, daga Indiya ake kawo irinsu. Ya ɗora ɗaya kusa da tsohuwa ya ba ni madubin. A tsohuwar, can ƙasa wajen ƙarfe shida, akwai rubutu siriri mai ɗauke da lambar injin, da 'yar alamar masana'antar Suwa da ta ƙera shi. Ya ce Seiko masana'anta biyu gare ta a wancan zamani, Suwa da Daini, kowace da alamarta, kuma 6119 na Suwa ne. A sabuwar rubutun ya yi kauri, fentin ya malala. Muka ɗauki tsohuwar duk da ɗan tabon da ke gefenta. Hannayen ma haka: ya ƙi sababbi masu farin haske, ya nemo waɗanda hasken cikinsu ya koma ruwan ƙwai kamar na fuskar.

Faifan ranaku shi na dage a kansa. Injunan da muka samu ɗaya Turanci da Sifaniyanci ne, ɗayan faifansa ya karce. Na ce sai mai Larabci, irin wanda ake kai wa kasuwannin Makka da Jidda, don da shi na fara karanta sunayen ranaku a hannun Alhaji. Wannan ya ja mu har bayan Babbar Sallah.

Abu biyu ya yarda a sa sababbi: gilashi da robar da ke hana ruwa shiga. Ya ce waɗannan dama canza su ake yi. Da ya rufe murfin, sai ya sa na rubuta a takarda abin da yake na Alhaji da abin da aka samo. "Wata rana jikoki za su ce duka na kakansu ne, ko wani ya sayar da shi a haka. Kada ni da kai mu zama sanadin ƙarya."

Na kai shi Garo ranar wata Juma'a. Babban yayanmu ya juya shi, ya duba sarƙar inda ta goge, ya danna kan da yatsa ba tare da na gaya masa ba. Ya ce fuskar Alhaji ta fi wannan fari kaɗan, kuma gaskiyarsa ne. Ya ɗaura ya tafi masallaci da shi. Yanzu a wurinsa yake zama, takardar tana wurin Inna. Yana rage kusan minti ɗaya a yini, Yaya kan daidaita shi da wayarsa.

Dattijon ya ce a riƙa kawo shi wanki da mai duk bayan 'yan shekaru. Yaran da ya koya wa aiki sun koma gyaran waya a Farm Centre, shi kaɗai ne a teburin. Na roƙe shi ya karɓi ɗan ƙanena da ke karatu a Kano, ya riƙa zuwa ranar Asabar. Ya ce ya turo shi, amma ya zo da haƙuri, wata uku na farko wanki kawai zai yi.