GADA AMANA CE

Wanda ya taso daga Damagaram za shi Magarya, sai ya ƙetare Korama. Fadamarta ce ke ci da mutanen Bande da Waca, har Guci cikin ƙasar Dungas. Nan ake noman rake da rogo.

Da rani Korama ba ta hana kowa wucewa. Amma da damina, in ruwa ya cika, wani labari ne. A zamanin da, matafiyi yakan naɗe wando ya shiga, ko ya zauna jiran ruwa ya janye. Yau akwai gada bisa babbar hanya. In ta karye, rake ba ya kai kasuwa, marar lafiya ba ya kai likita.

A ƙasar Suwis, a birnin Luzan, akwai wata gada ta katako mai rufi. Ta fi shekara 600. Rufin ne ke kare katako daga ruwan sama, kamar yadda jinka ke kare rumbu. A 1993 gobara ta ci yawancinta. Mutanen garin ba su bar ta ba, a 1994 suka gama gyara.

Gadojinmu na siminti ne, ba su bukatar rufi, amma suna bukatar kulawa. Kafin damina a kwashe rairayin da ya toshe bakinsu. Kada a haƙi ƙasa a gindinsu. Kada a sare itatuwan gaɓa, saiwarsu ce ke riƙe ƙasa.

Manoma da makiyaya, gada ta kowa ce.