'Yarmu Da Gogen Turawa

Jama'ar zango, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana ta gidanmu, wadda na san gobe za ta iya shiga gidan kowa.

'Yar ƙanwata, mai shekara 14, tana koyon gogen Turawa, watau fayolin, a makarantarsu a nan Ankara. Malamarta ta zaɓe ta ta shiga gasar kiɗa ta 'yan makaranta. Takardar shiga sai da sa hannun uba, shi kuwa ya ƙi. Ya ce fataucin goro ya kawo kakanninsa ƙasar nan, ba roƙo ba. Da ya ke ni ne akawun dangi, takardar ta dawo wurina, yau kwananta 9 a aljihuna.

Ban raina maganarsa ba. Duk wanda ya tashi cikinmu ya san inda a kan ji goge, wajen bori da gidajen da ba a so a ga ɗan mutunci. Amma ya kamata mu duba abin da yarinyar nan ke yi tukuna.

Gogenmu ƙwarya ce da fatar guza da tsirkiya guda. Na Turawa na katako ne, tsirkiyarsa 4, a kan tokare shi ƙarƙashin haɓa. Abin da ya haɗa su shi ne gashin wutsiyar doki a jikin bakan, da ƙaron da a ke shafa masa don ya kama. A wuyansa babu wata alamar da za ta nuna inda za a ɗora yatsa. In ya goce ko kaɗan, murya ta ɓaci, alƙalan gasa kuwa abin da su ke saurara ke nan, da kiyaye lokaci. Kiɗan a rubuce ya ke, karanta shi ta ke yi kamar lissafi. Ba kirari, ba liƙi, ba wanda a ke roƙo.

Abin da za ta kaɗa na Vivaldi ne, mutumin Italiya, wanda tun 1703 ya ke koya wa 'yan mata marayu goge a birnin Benis, har baƙi su kan zo daga nesa don su ji su. A nan Gana ma, Philip Gbeho, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasa, shi ya kafa ƙungiyar makaɗa ta ƙasa a 1959, zamanin Nkrumah. Mun daɗe muna kukan ba a ganin 'ya'yan zango a irin waɗannan wurare. To, ga ƙofa ta buɗe, mu ne kuma za mu rufe ta?

Shekara 3 ke nan ina ganin yarinyar nan. Kullum sai ta gama aikin gida da karatun allo sa'an nan ta ɗauki gogen aro na makaranta, ta yi ta maimaita layi guda har ya zauna. Ni dai ban ga lalacewa a nan ba, haƙuri na gani.

Ranar Jumma'a za a rufe karɓar takardu. Ina roƙon dattawanmu, waɗanda surukina ke jin nauyinsu, su zauna da shi. In ya ji da kunnensa ya ƙi, shi ke nan, uba ne. Amma ya ji tukuna. Allah ya sa mu dace.