Uwar Kuɗin Waƙafi, Ina Take Kwana?



'Yan uwa masu karatu, akwai wata tambaya da na lura ba kasafai muke yi wa gidauniyoyin taimako ba. Mukan tambaye su marayu nawa suka tufatar, rijiyoyi nawa suka haƙa, buhu nawa suka raba da azumi. Amma uwar kuɗin da ke haifar da abin rabon, ina take kwana, kuma wane aiki take yi a can?

A Amurka, doka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu su fitar da kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsu a kowace shekara, sauran kuwa ana juya shi a kasuwa. A watan Janairun 2007 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta kashe dala miliyan 218 wajen yaƙi da shan inna da ƙyanda, alhali tana da jarin dala miliyan 423 a manyan kamfanonin mai, ciki har da masu ƙona iskar gas a yankin Neja Delta, inda ake yi wa yara wannan rigakafin. A 2013 kuma shugaban Cocin Ingila, Justin Welby, ya ɗaura ɗamarar yaƙi da Wonga, kamfanin ba da bashi da ruwa mai tsanani, sai ga shi an gano cocin nasa yana da ɗan jari a kamfanin ta bayan gida. Wasu sun farga da irin wannan tufka da warwara: a 2014 Asusun 'Yan'uwan Rockefeller, wanda asalin dukiyarsa man fetur ne, ya sanar zai janye jarinsa daga mai da kwal.

Na kawo waɗannan ne domin mu dubi kanmu, don idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu aka fara koya wa wannan darasi. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya samu gona a Khaibar, Manzon Allah (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalinta, ya yi sadaka da amfaninta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ke nan asalin ma amana ce, kuma niyyar mai waƙafi ta hau kansa kamar yadda ta hau kan 'ya'yan itacen. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya ƙara tabbatar mana Allah ba Ya karɓar komai sai mai tsarki.

To, yaya za a yi asusun marayu ya kwana a ajiyar banki mai kuɗin ruwa? A da ana kafa hujja da rashin mafita, amma bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko, na naira biliyan 100, a 2017.

Sai dai a ganina guje wa riba mataki ne na farko kawai. Ƙungiyar da ke ciyar da mabuƙata, idan ta sayi hatsi da kaka ta kulle a sito tana jiran ya yi tsada da damina, ta taimaka wajen ƙirƙiro yunwar da za ta zo tana magani. Da ta zuba kuɗin a taki da iri ga ƙananan manoma bisa cinikin salam, da jarin kansa ya yi rabin aikin.

Don haka, ya ɗan uwa, ranar da aka karanta muku rahoton shekara, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka tambaya inda aka ajiye uwar kuɗin. Masu riƙon amanar ma za ka sauƙaƙa musu hisabi.

Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya karɓi sadakokinmu. Wallahu a'alam.