Ƙasar da McDonald's Ba Ya Sayar da Naman Sa

Ku ƙaddara an ce wa mai tsire ya je ya kafa tukuba a garin da yanka saniya kan iya kai mutum gidan yari. Ko dai ya tattara tsinkensa ya koma gida, ko kuwa ya zauna ya sake tunanin abin da zai riƙa gasawa. Irin wannan tsaka mai wuya kamfanin McDonald's na Amurka ya shiga a shekarar 1996, lokacin da ya buɗe reshensa na farko a Indiya, a unguwar Vasant Vihar ta birnin Delhi. Da naman sa kamfanin ya yi suna a duniya: niƙaƙƙen nama a gasa shi, a cusa tsakanin burodi da latas da albasa, abin da ake kira boga. To ga shi ya zo ƙasar da mabiya addinin Hindu, waɗanda su ne mafi rinjaye, ke girmama saniya, kuma jihohi da yawa sun haramta yanka ta. Ga kuma Musulmi, da ƙidayar 2011 ta ce sun kai miliyan 172, ba sa cin alade. Sai kamfanin ya ajiye naman biyu gaba ɗaya, kuma har yau bai ɗauko su ba.

Da muka je Indiya, mun bi ta Delhi da Mumbai da Bangalor, muka ɗauki ɗabi'ar leƙa irin waɗannan gidajen abinci na nan-take a duk inda muka sauka. Sau da yawa ba yunwa ke kai mu ba, allon da ke rataye bisa kan masu karɓar kuɗi muke zuwa karantawa.

Na farko da muka shiga yana Connaught Place, wata da'irar kantuna masu fararen ginshiƙai a tsakiyar Delhi, gini ne tun na zamanin mulkin Ingila. Kafin sunan abinci ko farashinsa, abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne 'yar alamar da ke gefen kowane suna. Koren ɗigo a cikin koren akwati na nufin babu nama. Alama mai ruwan ƙasa na nufin akwai. Dokar ƙasar ce ta tilasta sa waɗannan alamomi a jikin ƙunshin abinci, har biskit da alawa, don haka ƙaramin yaro ma da bai iya karatu ba ya san abin da zai miƙa wa hannu. A da ita ma mai ruwan ƙasan ɗigo ce, daga baya aka mayar da ita mai kusurwa uku, saboda akwai mutanen da idonsu ba ya bambanta launukan biyu.

Idan ka leƙa ta bayan kanta za ka ga madafa biyu ce a ɗaki ɗaya. Ɓangaren da babu nama da kaskonsa da mansa da cokulansa, masu aiki a wurin ma koren kyalle suke ɗaurawa a gaba. Ko bamar da suke shafa wa burodi ba a sa mata ƙwai, domin a wurin Indiyawa da yawa ƙwai ɗan'uwan nama ne. Babbar bogar kamfanin, wadda duniya ta sani da Big Mac, a nan sunanta Maharaja Mac, wato ta babban sarki. Da naman rago aka fara yin ta, daga baya aka koma kaza.

Kada ku ɗauka tsabar ladabi ne ya sa ake wannan taka-tsantsan. An taɓa ƙona su. A 1990 kamfanin ya sanar a Amurka cewa ya koma soya dankali da man tsirrai, masu ƙaurace wa nama suka saki jiki suna ci. A 2001 sai ta bayyana cewa a can Amurka ana sa wa dankalin wani ɗan sinadarin ɗanɗano da aka samo daga naman sa. Wani lauya ɗan asalin Indiya mazaunin Seattle, Harish Bharti, ya shigar da ƙara. Da labarin ya iso Indiya, masu zanga-zanga suka farfasa wani reshe a Thane, kusa da Mumbai, duk da cewa kamfanin ya yi ta bayanin cewa dankalin da ake soyawa a Indiya babu ruwansa da wannan sinadari. A 2002 ya nemi afuwa, ya amince ya biya dala miliyan 10 ga ƙungiyoyin 'yan Hindu da na masu ƙaurace wa nama da wasunsu. Tun daga nan kowa ya gane cewa a ƙasar nan kaskon suya ba abin wasa ba ne.

Abin da muka ga an fi saya kuwa ba Maharaja ba ne. Wata 'yar ƙaramar boga ce mai suna McAloo Tikki. Aloo shi ne dankalin Turawa a harshen Hindi, tikki kuma ƙwallon dakakken dankali ne da ake daɓewa a soya a bakin titi a arewacin ƙasar, tun kafin a ji sunan wani McDonald's. Kamfanin ya ɗauko shi, ya haɗa da koren wake da kayan ƙamshi, ya sa a burodi da tumatir da albasa. A 2004 aka riƙa sayar da ita rupi 20, kuma wannan arha ce ta jawo 'yan makaranta irinku cikin shagon da a da ake yi wa kallon na masu hali. Mun ci, kuma ta yi daɗi, sai dai duk wanda ya saba da ƙosai da burodi da safe ba zai ji wani baƙon abu ba.

Daga Delhi muka shiga jirgin ƙasa na Rajdhani zuwa Mumbai, tafiyar kusan kilomita 1,400, a tashi da la'asar a isa da hantsi. Ma'aikacin da ke raba abinci bai tambaye mu shinkafa ko burodi ba. Tambayarsa ɗaya ce ga kowane fasinja: da nama ko babu? Cikin dare muka ratsa jihar Gujarat, kuma ita ce ke riƙe da wani ɓangare na labarin. Siririn soyayyen dankalin nan na McDonald's yana buƙatar dankali dogo, mai ƙarancin ruwa da ƙarancin zaƙi, in ba haka ba ya yi laushi ko ya yi baƙi a mai. Na Indiya kuwa gajere ne mai ruwa. Kamfanin McCain na Kanada, mai sarrafa dankali, ya shafe shekaru yana gwada iri daban-daban tare da manoman Gujarat, sai a 2007 ya buɗe masana'antarsa a Mehsana. Layi ɗaya ne a allo, amma bayansa akwai gonaki da aikin shekara kusan goma.

A Mumbai tambarin bai canja ba, amma allon ya canja. Dalili na farko shi ne ba hannu ɗaya ke riƙe da McDonald's a Indiya ba: kamfani ɗaya ke gudanar da rassan arewa da gabas, wani daban ke da na yamma da kudu, kowa da 'yancin ƙara abin da ya ga mutanensa za su saya. Dalili na biyu shi ne mutanen kansu. Mumbai da Gujarat gida ne ga mabiya addinin Jain, waɗanda ba su da yawa a ƙasar amma sun yi fice a kasuwanci. Su ba nama kaɗai suke gudu ba. Masu tsantseni a cikinsu ba sa cin duk abin da ake tono shi daga ƙasa, albasa, tafarnuwa, dankali, karas, domin a ganinsu tuge saiwa yana kashe tsiron gaba ɗaya da ƙananan halittun da ke maƙale da shi. Ku duba lamarin: an bar nama an koma dankali, ga kuma masu kuɗi a aljihu da ba sa cin dankalin. A 2023 rassan yamma da kudu suka fito da jerin abinci na musamman dominsu, babu albasa, babu tafarnuwa, babu saiwa.

Masu tallan bakin titi sun daɗe da warware wannan. Abincin da Mumbai ke tinƙaho da shi sunansa vada pav: ƙwallon dankali a tsoma a ƙullun wake a soya, a tura cikin ɗan burodi da dakakken yajin tafarnuwa. A bakin tashar jirgin Dadar mun ga ma'aikata suna saya a tsaye suna ci suna gudun kama jirgi. Idan ɗan Jain ya zo, akwai masu yi masa nasa da ɗanyar ayaba a madadin dankali. Manyan kamfanonin a bayan waɗannan mutane suke tafiya, suna kwaikwayo.

Wani lokaci kuma gona ce ke goge wani abu daga allo. A watan Yulin 2023 ruwan sama da zafi suka lalata tumatir, kilo ya kai rupi 200 a wasu garuruwa, rassa da dama na arewa suka liƙa takarda cewa bogarsu ba za ta zo da tumatir ba har sai an samu mai kyau. Wanda ya tuna abin da tsutsar tumatir ta yi wa gonakin Kadawa da kasuwanninmu a 2016 ya san irin wannan rana.

A Bangalor wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatun harhaɗa magunguna ya zagaya da mu. A birnin ne KFC ya buɗe shagonsa na farko a Indiya a 1995, kuma a farkon 1996 wata ƙungiyar manoma ƙarƙashin Farfesa Nanjundaswamy ta kutsa ta yi masa kaca-kaca, don suna ganin kamfanonin waje za su kashe noman gida. Yau KFC ɗin yana sayar da shinkafa, da bogar da babu tsokar kaza ko ɗaya a cikinta. Domino's kuma na yin fiza da paneer, wani cukun madara mai laushi da ka gan shi sai ka rantse awara ce. Ɗalibin nan ya ce mana, "Malam, abin da nake gaya wa duk sabon zuwa ke nan: in kana shakkar yanka, bi kore." Shawara ce mai amfani ga duk wanda karatu ko jinyar ɗan'uwa za ta kai ƙasar. Batun yankan ma ba ƙarami ba ne a can. A 2019 McDonald's ya amsa wa wani mai tambaya a Twitter cewa rassansa na da takardar halal, sai ga wasu 'yan Hindu suna kiran a ƙaurace masa.

Sai dai a nan kudu ne muka ga iyakar abin da allo ke iya faɗa. Wanda ya karanta shi kaɗai zai ɗauka duk Indiya ganye ake ci. Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi manya kusan 30,000, ta wallafa a 2021 cewa kashi 39 cikin ɗari ne suka ce ba sa cin nama. Ke nan masu ci sun fi yawa. A Rajasthan da Gujarat masu ƙauracewa na da yawa, amma a Bengal kifi ne abincin yau da kullum, a jihar Kerala kuwa soyayyen naman sa da kwakwa yana cikin abin da aka fi so, Musulmi da Kirista da 'yan Hindu da dama duk suna ci. Ƙasar ma tana sahun gaba a duniya wajen fitar da naman ɓauna. Amma ko a Kerala McDonald's ba ya sayar da naman sa. Kamfani yana lissafin wanda zai fusata ne kafin ya lissafa wanda zai ci, saboda haka allon ya fi nuna abin da ake tsoron taɓawa fiye da abin da ke tukunyar mutane.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: KFC na Najeriya, da ya fara a Legas a 2009, kamfanin Indiya ne mai suna Devyani International ke gudanar da shi. Wato Indiyawa ke sayar mana da kazar Amurka, a gefenta kuma dafa-dukar jollof, don sun san ɗan Najeriya ba ya ƙirga abin da babu shinkafa a matsayin abinci. Domino's ma ya ɗora tsire a kan fiza. To amma ku lura da allon irin waɗannan shaguna idan kun shiga a Kano ko Kaduna: shinkafa, kaza, alale, soyayyar ayaba, kusan duk abin da ke na Legas. Ba mu taɓa ganin ɗanwake ko waina a kai ba.

Waina muka tuna a wata safiya a Bangalor, da muka tsaya gaban wata mata tana zuba ƙullu a kaskon ƙarfe mai ramuka, tanda sak. Paddu suke kiran abin, a jihar Tamil Nadu kuma paniyaram. Shinkafa ce da wani baƙin wake ake jiƙawa a niƙa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, a soya a juya da tsinke, a ci da zafi da miyar kwakwa. Daga irin wannan ƙullu ake yin dosa, wata faffaɗar fanke mai ƙarau-ƙarau da ake naɗe dankali a cikinta, abin karin kumallon kudancin Indiya. Irin wannan abinci yana ba manyan kamfanoni wahala, domin ƙullu mai kwana ba ya jiran kowa, kuma in ya huce ya tashi daga aiki. A 2017 McDonald's ya gwada shigar da dosa allonsa na safe a Mumbai. Da ya tashi, sai ya ɗauki dankalin cikin da yajin, ya sa su a burodi, ya bar dosar a hannun masu tanda.